Gayyar Ɗalibai a Wurin Gini: Me Za Ta Iya Yi wa Matsalar Muhalli a Kaduna?

Ruwan da aka kwana biyu ana tafkawa a wani watan Agusta ne ya kayar da bangon ɗakin gwaggona a Rigasa. Allah ya tsare, ita da jikokinta suna wajen murhu a lokacin. Da muka je jaje washegari na ɗauki bulo ɗaya daga cikin ɓaraguzan, na murza gefensa da yatsa, sai ya riƙa zuba kamar garin kwaki. Shekara shida ke nan da yin ɗakin, da kuɗin adashin da ta daɗe tana zubawa.

Cikin masu jajen akwai ɗan maƙwabcinta, yaro mai karatun fasahar gini a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Ya durƙusa ya tona gindin bangon da tsinke, ya ɗaga kai ya dubi bakin kwanon rufi, sannan ya ce, "Gwaggo, ginin nan ba a yi masa difisi ba, wato shimfiɗar hana danshi hawa bango, kuma duk ruwan kwanonku a gindinsa yake zuba." Ranar Asabar sai ga shi da abokan karatunsa huɗu. Mun riga mun ɗauko wani dattijon magini na unguwar. Ya ƙare musu kallo, da takalmansu masu tsabta, ya ce wa yaron, "Ɗana, a makarantar taku an taɓa ba ku cokalin gini kun riƙe?" Yaron ya ce, "A'a Baba, a allo dai mun gani." Dattijon ya miƙa masa igiya ya ce, "To kama nan, yau ka gani a ƙasa."

Asabar uku suka yi. Su suka haƙa fandisho, su suka yi ta jigilar yashi da kwanon sarki, kuma su suka hana a karɓi bulon farko da aka kawo, bayan sun saki guda ɗaya daga tsayin ƙirji ya tarwatse. Dattijon kuwa ya koya musu abin da babu shi a allo: yadda ake gane kwaɓi ya yi daga yadda yake sakin cokali, da yadda ake fitar da kusurwa ta miƙe da awon uku, huɗu, biyar ba tare da wata na'ura ba. Tun daga lokacin tambaya ɗaya take yi mini yawo a rai. Garin da ke da dubban ɗaliban gini da zane da awon ƙasa, kuma yake da dubban ɗakuna irin na gwaggona, me ya hana a haɗa biyun da tsari, maimakon a bar wa sa'ar maƙwabtaka?

Ya kamata a fara rarrabe abu biyu da ake yawan gwamutsawa. Akwai aikin sa-kai, wanda ɗalibi zai yi don Allah a ranar hutunsa, ya koma gida babu mai tambayarsa. Akwai kuma koyo ta hanyar hidima, inda aikin da ake yi wa al'umma yake zama ɓangaren darasi: malami ya tsara shi, ya sa ido a kansa, ya ba da maki, ɗalibi kuma ya zauna ya rubuta abin da ya gani da kuskuren da ya yi. Na farko yana rayuwa ne da zafin zuciya, kuma zafin zuciya yakan huce. Na biyun yana da jadawali da mai amsa tambaya in abu ya lalace. A harkar gini, inda kuskure kan danne mutum yana barci, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Masu kawo wannan shawara sukan buga misali da Amurka, kuma misalan suna da abin koyo. A 1976 Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a jihar Jojiya, bayan sun gwada tsarin na shekara uku a garin Mbandaka na ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu. Tsarin nasu bai ce a ba talaka gida kyauta ba. Mai gidan zai zuba ɗaruruwan sa'o'i na guminsa tare da 'yan sa-kai, sannan ya riƙa biyan kuɗin kayan a hankali, babu riba babu kuɗin ruwa, abin da ya biya kuma a gina wa wani da shi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya shiga aikin a 1984 ya riƙa kafa ƙusa da hannunsa har tsufa ya ci ƙarfinsa, ɗaliban jami'o'i kuma suka kafa rassa a makarantunsu. Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Jami'ar Auburn a jihar Alabama, inda a 1993 malamin zanen gine-gine Samuel Mockbee da abokin aikinsa D. K. Ruth suka kwashi ɗalibai suka kai su wani yanki na matalauta a karkara, suka ce nan ne ajinku. Ɗaliban suna zama a wurin, su zana, su gina da hannunsu. Daga baya suka sa wa kansu iyakar dala 20,000 a kan gida ɗaya, suka yi shekaru suna gina samfuri bayan samfuri, suna komawa su ga inda na baya ya gaza. Wannan komawar ita ce ta fi burge ni a duk labarin.

Sai dai Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayya tamu ce tun kaka da kakanni: a gona, a yaɓen katanga kafin damina, a ɗora rufi. Abin da aka manta shi ne gayya tana da ƙa'ida. Mai gayya shi ke tanadar kayan aiki da abinci. Akwai wanda ya san aikin a gaba, saura suna bin bayansa. Kuma biki ne, wanda aka yi wa yau zai je na wani gobe. Gini ma a ƙasar Hausa sana'a ce mai sarauta, da Sarkin Magina da almajiransa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, da tubali da azara da bakan gizo, malaman zane sun daɗe suna kai ɗalibai su gan shi. Duk shirin da zai tura ɗalibai unguwa ya tsallake waɗannan ƙa'idoji, ya zo da kaya daga sama, ya ture maginin unguwa gefe, ya bar mai gida yana kallo, to wani abu ne daban da gayya, kuma ba na jin zai daɗe.

Yanzu ga inda maganar take da wuya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa in aka samu ma'aikata kyauta, gida ya yi araha. Duk wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo ya san ba haka lissafin yake ba. Kaso mafi tsoka na kuɗin gida yana tafiya ne a fili da kaya: siminti, rodi, kwano, katako, yashi, tsakuwa. Kuɗin aiki yana biye, kuma a cikinsa ma na ƙwararru ne mai nauyi, wato magini da kafinta da mai wayarin. Abin da ɗalibi sabon hannu zai iya ɗauke wa mai gida shi ne aikin lebura, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a jerin. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a shekarar naira 70,000 ne. Ko ɗalibai dubu suka zo da shebur, ba za su rage wa buhun nan ko sisi ba.

Fili kuma ya fi siminti ɗaure kai. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. A Kaduna, takardar mallaka tana fitowa ne daga hukumar filaye ta KADGIS, izinin gini kuma daga hukumar tsara birane ta KASUPDA. Mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi a Rigasa da Hayin Banki da Rafin Guza da bayan Mando sun sayi fulotansu ne da takardar ciniki da shaidar mai unguwa. Wanda ba shi da cikakkiyar takarda ba ya iya shiga layin lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa dominsa. Mai sayar da ƙosai da ɗan acaɓa ba su ma da albashin da za a cira. Sannan mutanen Kaduna sun ga rusau da idonsu a shekarun sabunta birni, sun san abin da ke faruwa da ginin da aka yi a inda hukuma ba ta amince ba. A tara ɗalibai su yi wa bazawara ɗaki a bakin kogi ko a kan hanyar ruwa, a zo a shafa masa jan fenti bayan shekara biyu, wannan cutarwa ce da aka yi da kyakkyawar niyya.

To in gumin ɗalibi bai rage kuɗi sosai ba, mene ne amfaninsa? A ganina amfaninsa yana cikin idonsa da lissafinsa, kuma a nan ne ya kamata a zuba ƙarfi.

Talaka a Kaduna ba ya gina gida gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya yake yi, ya shiga, bayan shekara uku ya ƙara falo, in yara sun girma ya ja wani ɗakin. A duk wannan tafiya babu injiniya, babu mai zane, babu mai ƙiyasin kaya, domin kuɗinsu ya fi ƙarfinsa. A nan ne dukiyarsa take zurarewa. Ɗauki maganar bulo. Ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 yana cin bulo wajen 400. Magina na ƙwarai za su ce maka buhu ɗaya bai kamata ya fitar da bulo mai inci tara fiye da talatin ba. Wanda ya ja shi zuwa hamsin ya tsira da buhu biyar a kan ɗaki guda, mai saye kuma ya ga araha ya yi murna, bai san ya sayi abin da zai sake ginawa ba. Haka maganar ban ruwa: bulo da kankare suna son a yi ta jiƙa su aƙalla mako guda, kuma sai sun kwana 28 suke kai ƙarfin da ake lissafi da shi, amma sau nawa muke ganin an buga bulo yau an ɗora a mota jibi? Ɗalibin shekara ta biyu ya san duk wannan, an tambaye shi a jarrabawa. Makarantarsa tana da ɗakin gwaji da injin matse bulo a ga nauyin da zai ɗauka. Ilimin yana makarantun Barnawa da Samaru da Kafanchan, buƙatar tana Rigasa, kuma babu motar da ke haɗa su.

Ga kuma ruwa, wanda shi ne babban abokin gabar gini a garin da damina ke kai wa daga Afrilu ko Mayu har Oktoba. Yawancin bangon da ke faɗuwa daga ƙasa yake ruɓewa. Ɗaga daɓe sama da matakin titi, shimfiɗa leda ko kwalta a kan fandisho don danshi kada ya hau, fitar da bakin kwano ya wuce bango sosai, yin ɗan kankare a kewaye, haƙa kwata ta bi gangare: babu ɗaya a cikinsu mai tsada, amma sai da wanda ya san dalilinsu a wurin ranar da ake aikin. Haka nisan masai da rijiya. A gidaje da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu, kuma ana shan ruwan. Ɗalibin awon ƙasa da na lafiyar muhalli za su iya zagaye layi guda cikin mako su nuna wa kowa inda haɗarin yake.

A nan ɗalibai mata suna da wata dama da maza ba su da ita. Gidan da aka rubuta "ba a shiga" a zaurensa, mace ce za ta wuce har tsakar gida ta ce, "Mama, hayaƙin nan ina yake fita? Ina kuke shanya in ana ruwa?" Masu wuni a cikin gidan su ne suka fi kowa sanin aibinsa, kuma su ne ba a tambaya in za a yi gini.

Akwai kuma batun kayan da za su maye gurbin siminti, wanda aikin makaranta ne tsantsa. Jar ƙasar da muke takawa, in aka tankaɗe ta, aka haɗa da siminti kaɗan, kamar kashi biyar zuwa takwas cikin ɗari, aka matse a inji, tana ba da tubali mai ƙarfi da sanyin ɗaki. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injinan wannan aiki. A ƙauyen Sabon Yelwa kusa da Kaduna, ƙungiyar DARE ta gina gida a 2011 da dubban robobin ruwa da aka ɗura wa yashi, har kafofin labarai na duniya suka zo kallo. Amma je ka unguwa ka ƙirga gidajen da aka yi da irin waɗannan dabaru. Dalilin ƙarancinsu a fili yake: mutum yana ganin ginin ƙasa alamar talauci ce, ya fi son bulo ko da na garin kwaki ne, kuma maginin unguwa bai saba da su ba, ba zai sa sunansa a abin da bai sani ba. Wannan ba a gyara shi da lacca. Sai an gina ɗaki a cikin unguwa, da hannun maginin unguwa, an bar shi ya sha damina uku mutane suna wucewa suna ƙwanƙwasa bangon. Gani ya kori ji.

Ɗalibin shi ma yana da riba, kuma bai kamata a ji kunyar faɗin hakan ba. Tun 1973 asusun horar da ma'aikata na ITF ya ɓullo da shirin SIWES don ɗalibai su taɓa aiki da hannu kafin su gama. Niyyar mai kyau ce, wasu kuma suna dacewa da wurin da ake koya musu. Amma ƙanina ya yi wata huɗu a wani kamfanin gini, abin da ya fi yi shi ne sayo wa ma'aikata abinci da jiran a sa masa hannu a littafi. Irinsa suna da yawa. Ɗaki ɗaya da ɗalibi ya bi tun daga haƙan fandisho har ɗora kwano, ya yi ƙiyasin kaya ya ga inda lissafinsa ya sha bamban da farashin kasuwa, ya fi masa wannan wata huɗun. Masu yi wa ƙasa hidima ma suna da ranar aikin al'umma a kowane mako, kuma a cikinsu akwai injiniyoyi da masu zane da aka tura koyarwa. Sannan a garin da rikicin 2000 da na 2002 ya raba mazauna gida biyu, wasu suka koma arewacin kogi wasu kudanci, ba ƙaramin abu ba ne yaron Tudun Wada ya yi Asabar shida yana aiki a Sabon Tasha, ko yarinyar Narayi ta san hanyar Unguwar Mu'azu. A aji suna zama tare, gidajen juna ne ba su sani ba.

Haɗurran su ma na gaske ne. Na farko, abincin lebura. Mutumin da ke fitowa da asuba da shebur ɗinsa ya tsaya a bakin titi yana jiran mai ɗauka, da kuɗin yinin nan yake ciyar da iyali. In ɗalibai suka karɓe aikin da da shi za a ba, an taimaki talaka ɗaya da abincin wani. Mafita ita ce a tsaya a kan ayyukan da in ba gayya ba ba za a yi su ba sam, kuma a biya magini da kafinta cikakken haƙƙinsu a matsayin malamai. Na biyu, rai da lafiya. Ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, in ya faɗo daga kan tsani wa zai ɗauki nauyinsa? Dole makaranta ta amsa wannan a rubuce kafin kowa ya fita, ta tanadi hular kwano da takalmi, kuma a hana su bene da zuba rufin kankare. Dole kuma a samu mai rajista da hukumar magina ko ta injiniyoyi da zai sa hannu a kan aikin, wanda za a kama in ya tsage. Na uku, jadawali. Gini na rani ne, makaranta kuma tana da nata lissafin. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas. Iyalin da aka yaye wa rufi a watan Fabrairu ba za su jira a sasanta da gwamnati ba. Saboda haka kowane aiki ya zama ƙarami, wanda za a gama cikin makonni, kuma kada a cire kwano ɗaya sai kayan mayarwa suna ajiye a tsakar gida.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna: zaɓen wanda za a yi wa, da mutuncinsa. Da zarar an ji ana gyara ɗaki kyauta, jerin sunaye zai cika da 'yan uwan masu faɗa a ji. Mai unguwa da limami da fasto da shugabar mata su zauna tare a fili, ya fi a bar wa mutum ɗaya. Kuma a bar ɗabi'ar tsayar da tsohuwa a gaban rusasshen ɗakinta ana ɗaukar hoto don Facebook. Wadda ta kawo yashinta, ta dafa wa masu aiki, ta yi alƙawarin ɗanta zai je gayyar gidan gaba, ba ta karɓi sadaka ba, kuma za ta iya ɗaga murya ta ce tagar nan ba a nan nake son ta ba.

Kuɗin kaya fa? Ba na ganin sai an jira wani babban shiri daga Abuja. Mai gida ya kawo abin da ya tara. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da zakka da waƙafi, da baikon coci, za su iya kafa ɗan asusu mai juyawa wanda ake biya a hankali babu ruwa, kamar yadda adashi yake tafiya. Makaranta kuma ta ɗauki nauyin gwaji da sufuri daga kuɗin bincike, tunda bincike ne. Abin da zan roƙi shugabannin sassan gini shi ne su jinkirta wani ɓangare na makin. Kada a ba da shi ranar da aka shafa fenti. A bari sai Oktoba, ajin da ke biye ya je da takarda ya duba tsagewa da danshi da yoyo, ya tambayi matar gidan, sannan a rubuta.

Ɗakin gwaggona ya sha damina biyu yanzu. Gindin bangon a bushe yake, sai dai akwai wata siririyar tsaga a saman taga ta gabas, inda linta ta ɗan gaza tsawo. Yaron ya zo da sallah ya gani, ya auna ta da tsinken ashana, ya rubuta a wayarsa, ya ce zai nuna wa malaminsu. Kafin ya fita, mata biyu na layin suna tsaye a zaure suna jiransa, ɗaya masai ɗinta ya fara zaftarewa, ɗayar kuma tana so a duba mata bulon da ta saya kafin a fara ɗorawa.